Damin Gogo Lalla

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina roƙonku abu ɗaya, ku bari in kai ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, don ni ma har yau ban gama yanke wa kaina ba.

Sunana Biba, ɗiyar Rabo mai gari. Garinmu ƙarami ne, yana gindin dutse, tafiyar hantsi daga Buza in mutum bai tsaya gaishe-gaishe a hanya ba. Abin da zan faɗa muku ya faru ne a bazarar shekara ta uku da soma yaƙin Turawa, lokacin da tufa ta yi wuya har mace kan wanke zaninta ta zauna ɗaki tana jiran ya bushe. Saura kwana ashirin da biyu a ɗaura mini aure da Halidu.

Tun bayan shekarar fara, wadda ta kwashe mutane ina ƙarama, Nasara ya kafa doka. Kowane gida zai kai hatsi rumbun tsimi bayan girbi, a liƙe bakin rumbu da laka, ba a buɗewa sai ruwa ya kusa sauka. Ranar nan a mayar wa kowa nasa, ya sami iri, ya sami abin da zai ci ya yi noma. Namu huɗu ne a bayan gari, manya, masu ƙaton ciki, kuma Baba ne aka damƙa wa amanarsu. Halidu kuwa shi ne malamin da bariki ta Madawa ke aikowa da littafi yana zagaya garuruwa yana duba abin da ke ciki. Wajen aikin nan ya gan ni bara. Ya roƙi ruwa, na kawo, don kunya har na zubar masa da rabi a ƙafa. Ni ban iya kallon mutum ido cikin ido ba. Shi ya sa na fi kowa sanin ƙafafun mutane da abin da ke hannunsu.

Ranar Litinin da safe Inna ta turo mini dami uku tsakar gida, ta ce in sussuke, za a fara tanadin gumbar biki. Na ɗaura tsohon zanina a ƙirji, na jawo turmi, na durƙusa in kwance na farko. Sai hannuna ya tsaya.

Ku da ba ku tashi a ƙauye ba, ku sani kowane gida da yadda yake ɗaure daminsa in zai kai rumbun tsimi, don kada a yi rigima ranar rabo. Gidan Iro da ɓawon kalgo suke ɗauri. Mu mukan bar kara ɗaya dogo a tsakiya. Gogo Lalla kuwa, tsohuwar da ke ƙarshen gari, takan kitsa kaba uku kamar kitson yarinya, ta ƙulla baƙin zare a ƙarshe. Dami huɗu ta samu bara a ƴar gonarta mai duwatsu, biyu ta kai tsimi. Na sani, don ni na ɗaukar mata su a kaina ranar kaiwa, tana bina a baya da jikokinta biyu da aka tafi da ubansu aikin tilas.

Kitson kabar nan ne a hannuna, da baƙin zarensa.

"Inna," na ce, "wanga dami daga ina?"

Tana bakin murhu tana hura wuta. Ba ta juyo ba.

"Daga sama ya faɗo. Sussuka na ce ki yi ko tambaya?"

"Ɗaurin Gogo Lalla ne."

Sai ta miƙe. Ta zo ta karɓe kitson daga hannuna, ta koma ta cusa shi cikin wuta, ta tsaya har ya cinye.

"Yanzu ɗaurin wa ne?" ta ce. "Ke kam idonki ya yi yawa, Biba. Ba ki magana, amma ba abin da ke wuce ki."

Na sussuke su ukun. Allah ya gani, na sussuke su, ƙaiƙayi na cin wuyana, kowane bugu ina jin sa a haƙorana.

Da azahar Dije ta dawo daga kasuwar Buza. Taubashiyata ce, ɗiyar ƙanwar Baba, ita ke kai mana saƙo ni da Halidu a cikin ƙwaryar da take tallan ƙuli. Ta shigo tana rawa da kafaɗa.

"Baiwata, taso ki gaida uwar ɗakinki. Mi za ki ba ni?"

"Ban da komi, Dije."

"To in kai ma akuya ta cinye, ita ma ta iya karatu."

Ta jefa mini ƴar takarda an naɗe ta kamar laya. Da ajami yake rubuto mini, don shi na koya wurin kakana kafin ya rasu. Ga abin da ya ce:

"Zuwa ga Biba. Gaisuwa mai yawa. Ina tahe ran Laraba da la'asar, Alhamis da sahe in duba rumbunanku. Na samo maki abin da kinka ce ya ɓace a duniya. Kada ki ɓuya bayan Dije, ba ita nike nema ba."

Da can in na sami takardarsa sai na karanta sau goma, in ɓoye a ƙarƙashin faifai, in sake ɗaukowa. Ranar nan kalma ɗaya kawai na gani: Alhamis.

"Lahiya?" Dije ta ce, ta daina dariya. "Ya fasa ne? In ya fasa ni ina so, ko don takalmin nan nashi."

Na naɗe takardar na cusa ta a ɗaurin zanina.

Washegari Inna ta kira ni ɗakinta. Nan aka tara kayan aurena. Tasoshin jan ƙarfe shida a jere jikin bango, ƙorai farare masu zane, taskira biyu, tabarmi sababbi a naɗe, da baƙin zani mai shuni wanda ko taɓa shi ka yi sai ya bar maka launi a yatsa. Akwai munduwa biyu na azurfa a cikin ƙaramin akwati. Kullum da yamma nakan shiga in goge tasoshin da toka, in kalli fuskata a ciki tana lanƙwashewa. Na tarar da Baffa Sha'ibu, ƙanen Baba, zaune kan tabarma yana ɓare goro. Na durƙusa a bakin ƙofa na gaishe shi.

"Matso, ɗiyata. Innarki ta ce kin ga wani abu."

Na sunkuyar da kai.

"To tun da kin gani, ki ji sauran. Mutum goma sha huɗu sunka gudu ƙasar Ingilishi bana don aikin tilas. Kin sani. Amma sunansu na nan a takardar bodo, harajin Nasara, kuma gardin bariki bai karɓar labari, kuɗi shika karɓa. Ina ubanki zai samo bodon mutum goma sha huɗu? Ko kina son a ɗaure shi a rana gaban talakawanshi?"

"A'a, Baffa."

"Shi ya sa munka buɗe na gabas. Munka sai da ma fatake, munka cika kuɗin. Munka cusa kara a ƙasa, munka jera dami a sama, munka liƙe."

Har na ji wani sanyi ya ɗan sauka a ƙirjina. Na ce a raina, ashe dole ce. Sai Baffa ya miƙa hannu ya ƙwanƙwasa tasa ɗaya da farce, ta yi ƙara.

"Rumbu na biyun kuma, ga shi nan. Ɗiyar mai gari za ta auri malamin bariki, a kai ta da ƙwarya biyu? A yi muna dariya har Keita? Ni na ce ma ubanki, tun da an riga an buɗe, a ƙara. In kaka ta yi a mayar."

Ƴan uwa, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Na ɗaga ido na kalli jeren nan da nake gogewa kullum, na ga fuskata shida a ciki.

"Ba mu ce ki yi ƙarya ba," Inna ta ce, muryarta ta yi laushi. "Ba mu ce ki roƙe shi komi ba. Yaro ne mai kunya. Wane suruki ne zai hau tsani ya zura sanda cikin rumbun uban matarshi, jama'a na kallo? Ke dai in ya zo gobe ki sakar mashi fuska. In zance ya kai can, ki tuna mashi ubanki dattijo ne."

"To ranar buɗi?" na ce. Ban san na iya tambaya haka ba. "In an zo rabo?"

"Sai a ce gara ta ci," in ji Baffa. "Gara ba ta zuwa bariki ta yi musu."

"Gogo Lalla fa?"

"Allah na nan." Ya jefa goro a baki. "Ke ki ji da ubanki."

Duk kwanakin nan Baba bai ce mini komai ba. Amma ni ke ɗauko akushinsa daga zaure, na kuma ga tuwon yana dawowa an ɗan taɓa gefe ɗaya kawai. Rawaninsa da yake naɗawa tsaf ya koma naɗin gaggawa. Mutum ne da bai taɓa cin ko ƙwai na talaka ba, kowa ya shaida, har aka zo wannan shekara.

Ranar Laraba da hantsi Gogo Lalla ta shigo gidanmu tana dogara sanda. Faifai ta kawo mini, saƙar hannunta, mai ja da baƙi.

"Amarya, kishiyata," ta ce tana dariya da sauran haƙoranta, "ga nawa. Ba shi da yawa. Amma ki bari a buɗe tsimi, tiya biyu zan auna maki ki yi gumba. Mun ƙosa da tafasa da ganye, ni da ƴan jikokina, kwana muke ƙirgawa."

Na karɓa da hannu biyu. Na ce na gode. Inna ta shige ɗaki ba ta fito ba sai da tsohuwar ta tafi.

Da la'asar na yi wanka, na ɗaura saƙi mai ratsin fari, na yafa wani a kafaɗa, na sa kwalli. Dije ta gyara mini ɗaurin kallabi tana mita wai na zama kamar wadda za a kai makoki. Muka fita gindin aduwar da ke ƙofar gida, ita ta koma nesa kaɗan tana tsinke zogale.

Yana zaune kan tabarma ya tuɓe takalmansa na bariki ya ajiye gefe. Farar riga ce a jikinsa, an yi mata faci a gwiwar hannu da zare mai kyau, yatsunsa biyu da tabon tawada. Ya rame. Kwana tara yana kan doki daga wannan gari zuwa wancan.

"Ranki ya daɗe, gimbiyar dutse. Yau ma ƙahwata za a kalla?"

Na yi murmushi ba don ina so ba. Ya ciro wani ɗan ƙyalle daga aljihu, ya buɗe. Allura uku ne, sababbi.

"Wani Balarabe a Madawa na bi har gida. Kada ki ara ma Dije."

"Ina jinka, malam!" Dije ta ɗago murya daga can.

Ya yi dariya, sannan ya murza ido.

"Na gaji, Biba. Ran Asabar nike rufe littafi. Duk garin da na rubuta hatsinshi ya kasa, za a ɗora iri kan raƙuma daga Madawa a kai masu rance kahin ruwa ya sauka. Wanda ban rubuta ba, shi ke nan, in an rufe ba a buɗewa sai baɗi."

Wannan ban san shi ba. Ban sani ba ko Baffa ya sani ya ɓoye, ko shi ma bai sani ba.

"In hatsi ya kasa," na ce a hankali, "mi a ka yi ma mai gari?"

"In gara ce ko ɓera, faɗa ne kawai. In hannu ne…" Ya girgiza kai. "An tuɓe ma mutum biyu rawani bana. Ɗaya na gidan kaso a Madawa. Ni na rubuta su, kuma ban yi barci ba kwana uku. Amma shekarar fara ina da ƙanne mata biyu, Biba. Munka cinye iri don yunwa, ruwa ya sauka ba abin shukawa. Su biyun ba su ga kaka ba. Shi ya sa nike yawo da gora. Ina hawa da kaina in zura ta har ƙasa. In hatsi ne ba ta shiga, in kara ne sai ta nutse."

Ya dube ni, fuskarsa ta saki.

"Amma gobe hutu gare ni. Garinku ba ni hawa. Da wace fuska zan taka tsani gaban Baba? In tsaya ƙasa, Baffa ya leƙa ya hwaɗa mani, in rubuta. Rumbun Baba bai bukatar gora."

Kun gani? Ba sai na ce komai ba. Abin da Inna ta aike ni in yi, shi da kansa ya yi mini. Shiru kawai ya rage in yi, ni kuwa ba abin da na iya a duniya kamar shiru. In na yi shi, bayan kwana ashirin a ɗauke ni a kan doki da tasoshina shida, Baba ya ci gaba da zama a zaurensa da rawaninsa. Na kalli alluran nan a tafin hannuna har suka zama shida don hawaye.

"Ka hau," na ce.

"Na'am?"

"Gobe ka hau. Ka taho da gorarka."

Na ji Dije ta daina tsinkar zogale. A karo na farko tun da na san shi na ɗaga kai na kalle shi cikin ido, na ga yadda dariyar ta bar fuskarsa kaɗan-kaɗan.

"Biba, kin san abin da kinka ce?"

"Na sani."

"In na hau, abin da na gani shi zan rubuta. Ba ni da littafi biyu."

"Na sani."

"Kuma bayan nan ba lalle a ba ni ke ba. Ko ke ki so ganina."

Na buɗe baki zan faɗa masa batun bodo, ya san ba duka ba ne son zuciya, sai ya ɗaga hannu.

"Kada ki ƙara. Duk abin da kinka hwaɗa mani, in an tambaye ni sai in maimaita. Bari in gani da idona."

Ya sa takalmansa. Sau biyu yana kuskuren ɗaure igiyar. Ya tafi masaukinsa bai waiwayo ba. Da na shiga gida Inna ta ga idona ja, ta shafa kaina ta ce kunyar amare ce, za ta wuce. Na bar ta a haka.

Alhamis da safe gari ya taru a bayan gari. Maza suna zaune a inuwar rumbuna, mu mata muna tsaye nesa da tulunanmu kamar ruwa muka zo wucewa da shi. Gogo Lalla na gaba-gaba ta jingina da sandarta. Baba yana kan buzunsa da babbar rigarsa ta saƙi. Gardin da ya rako Halidu, mai jar hula, ya sami dutse ya zauna yana hamma.

Halidu ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya zo ya durƙusa gaban Baba ya gaishe shi, kansa a ƙasa. Gorar tana hannunsa na hagu. Na ga Baffa ya kalle ta, ya yi sauri ya jingina tsani jikin rumbu, ya naɗe hannun riga.

"Zauna ka huta, ango. Ni in leƙa maka."

"Baffa," Halidu ya ce, bai ɗago ba, "a yi mani haƙuri. Ni zan hau."

Wani tsoho ya ce subhanallahi. Baffa ya yi dariya wadda ba ta kai ciki ba, ya riƙe tsanin da hannu biyu.

"Kai yaro, makarantar lakkwal ta cinye maka kunya? Gaban surukinka? To in ka taka wanga tsani, ka san abin da ka taka."

Halidu yana nan durƙushe, bai tashi ba. Zufa na ɗiga daga haɓarsa kan ƙasa.

Baba bai kalle shi ba. Ya juya kansa a hankali yana bin matan da ke tsaye ɗaya bayan ɗaya, har ya iso kaina. Ya yafito ni da yatsu biyu. Na sauke tulu. Na je na durƙusa gefen buzunsa, ina kallon yatsun ƙafarsa da suka tsage don kaushi.

"Ke kinka ce ya hau?" Ya yi maganar ƙasa-ƙasa, ni kaɗai na ji.

"Ni ce, Baba."

Na jira mari, ko tsinuwa. Sai na ji ya ja numfashi mai tsawo ya sake shi, kamar wanda ya sauke kaya bayan doguwar tafiya. Ya dafa ƙasa ya miƙe. Ya taka har gindin rumbu.

"Saki, Sha'ibu."

"Yaya, ka san abin da…"

"Na ce ka saki."

Baffa ya saki. Baba ya ɗauki tsanin da kansa, ya ɗauke shi daga rumbun da Baffa ya jingina, ya kai shi na gabas, ya kafa, ya riƙe da hannu biyu. Tun da aka sa mana rana bai taɓa kiran Halidu da wani suna ba sai ɗana.

"Bisimilla, malam," ya ce. "Hau ka yi aikinka."

Halidu ya hau. Ya fasa lakar bakin rumbu, ya ɗaga gorar, ya daidaita tsininta tsakanin dami biyu, ya danna. Muna kallo ta shige, ta ci gaba da shigewa ba abin da ya tare ta, har hannunsa ya ɓace a ciki. Baba yana ƙasa, goshinsa jingine da tsani, bai saki ba.